Takardar harajin da ta kwana 21 a shagona ban sani ba

Ni dai sana'ata ɗab'i ce, ina da ɗan gidan buga takardu a nan Kano wajen Fagge, muna buga kalanda, katin biki, rasit, littafin rubutu na 'yan makaranta, in kakar siyasa ta zo kuma fosta ce dare da rana har sai inji ya ɗau zafi mun kashe shi ya huce. A 2018 na yi wa sana'ar rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba don na san me hakan yake jawowa ba, kawai wani abokina ne yace min in ba ka da kamfani ba ka da kiliyarans na haraji, wato takardar shaidar ka biya haraji, toh ko ambulan ba za a ba ka ka buga a ma'aikata ba. Na karɓi satifiket, aka ba ni lambar TIN, wato lambar mai biyan haraji, na sa satifiket ɗin a firem na rataye a bango, a zatona an gama kenan.

Akwai wani mutum da kusan duk 'yan layinmu shi muke ba wa harkar takardu, irin mutanen nan ne masu jaka a hammata kullum, ya san kowa kowa ya san shi, mu dai ejan muke ce masa. Duk shekara in ba shi dubu 150 ya je ya dawo min da takarda, ban taɓa tambayarsa me ya rubuta a ciki ba, shi ma bai taɓa tambayata nawa na yi ciniki ba. Shekarun farko lafiya lau yana kawowa. Daga tsakiyar 2021 sai labari ya canza, duk sanda na tambaya sai yace Alhaji sistem ɗinsu ne sabo, an koma intanet, ana nan ana yi. Kuma maganar sabon sistem ɗin ba ƙarya ya yi ba, don a watan Yunin 2021 ne FIRS, hukumar haraji ta tarayya a lokacin, ta buɗe TaxPro Max, shafin shigar da lissafin haraji a intanet, komai ya koma ta can, abin da ya ɓoye min shi ne tun daga ranar bai ƙara shigar min da ko layi ɗaya ba, kuɗin dai yana karɓa. Ni kuma da yake aikin makarantu masu zaman kansu da na 'yan siyasa ya rufe ni, su kuwa babu mai tambayarka kiliyarans, sai na bar zancen.

In faɗi gaskiya har da yadda muka taso. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ɗan PRP ne na a mutu, kullum labarinsa yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar gidan dagaci kan kuɗin haraji, da yadda Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau gwamna a 1979, toh a gidanmu kalmar haraji tarihi ce, abu ne da aka riga aka binne. Na girma da tunanin in dai na fitar da zakka na sallami kowa.

Ranar wata Talata a watan Agustan 2023 ina neman wani tsohon samfurin rasit a ƙarƙashin teburin injin yanka, sai ga ambulan mai ruwan ƙasa ya sha ƙura har da tambarin kofin shayi a kai. Na buɗe. Takardar kimanta haraji ce daga FIRS, shekarar 2021 da 2022, na bi lambobin da yatsa sau uku don na ɗauka idona ne yake ƙara sifiri, naira miliyan 25 da ɗoriya. Wallahi injinan shagon gaba ɗaya har da janareto in aka haɗa aka kai kasuwa ba za su yi wannan kuɗin ba. Na kira yaron shagona nace yaushe aka kawo wannan, yace ai tun kwanaki ne Oga, ranar da ka tafi Kaduna sayo farantin ɗab'i, ni na sa hannu ma. Muka lissafa, kwana 21 cif. A ƙasan takardar kuma an rubuta cewa in ban yarda da lissafin ba ina da kwana 30 in rubuto ƙorafi. Saura tara.

Wanda na fara kira ejan ne mana. Ya zo da yamma ya duba takardar ya yi 'yar dariya yace wannan ai tsoratarwa ce, in kawo miliyan 2 a ga manya a kashe fayil ɗin. Ban ɓoye muku ba na so in bayar, har na fara tunanin wa zan kira ya ranta min. Da daddare uwargida ta ga na kasa cin tuwo, na gaya mata, tace mutumin da ya shekara biyu yana cin kuɗinka shi za ka ƙara wa miliyan 2, kuma wane rasit zai ba ka? Ta kira yayarta, yayar tace akwai wata ƙawarta akanta ce, aikinta kenan harkar haraji, tana da rajista da CITN, wato cibiyar ƙwararrun haraji ta ƙasa, in je in same ta da safe.

Ofishin Hajiya ɗaki biyu ne a saman bene, fayil har kan kujerar baƙi sai da aka kwashe na zauna. Ta karanta takardar ba ta ce komai ba, ta juya bayanta ta duba kwanan wata, sannan tace Alhaji ba ni imel da lambar sirrin da kake shiga TaxPro Max. Nace wace lamba? Ta cire gilashinta ta dube ni. Ashe imel ɗin ejan ne a kan asusun kamfanina, duk wani saƙo da tunatarwa da aka yi ta turowa wajensa suke zuwa. Sai da muka rubuta wasiƙa a kan takardar kamfani na kai ofishin haraji da katin shaidata aka canza imel ɗin, muka shiga, ta juyo min da kwamfutar, wajen da ya kamata a ga abin da aka shigar fayau babu komai.

Nan ta zaunar da ni ta yi min karatun da ya kamata in yi tun 2018. Tace miliyan 25 ɗin nan ba wai sun zo sun ƙirga ribarka ba ne, kai ne ba ka kai musu lissafi ba, doka kuma ta ba su dama in ba ka kai ba su yi maka kintace da abin da suka samu, abin da suka samu kuwa shi ne kuɗin da ya shiga asusun kamfanin a banki, miliyan 68 a 2021, miliyan 97 a 2022. Suka ɗauki duk wannan a matsayin ciniki, suka ce kashi 20 cikin 100 riba ce, suka ɗora harajin kamfani a kai, suka ɗora harajin ilimi, sannan VAT, harajin da ake ɗorawa mai saye, kashi 7.5 a kan jimlar gaba ɗaya, ga tara kashi 10, ga kuɗin ruwa. Nace Hajiya ni ban yi cinikin miliyan 165 ba ko a mafarki. Tace na yarda, amma ni ba ni za ka gamsar ba, kuma su baki ba ya gamsar da su sai takarda, in kwana taran nan suka wuce ba mu rubuta ba lissafin ya zauna daram, daga nan ko kana da gaskiya ka makara, doka ta ba su ikon su sa banki ya riƙe kuɗinka ya miƙa musu.

Ta kuma warware min wani abu da na daɗe ina ji a layi ana cewa ai ƙananan kamfanoni an yafe musu. Eh an yafe, a tsarin wancan lokacin, tun dokar kuɗi ta 2019, wadda ita ce ma ta ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan harajin kamfani kuma ba dole ya karɓi VAT ba, daga 25 zuwa 100 kashi 20 ne na riba, sama da haka kashi 30. Amma yafe biya daban shigar da lissafi daban, ko sisi ba za ka biya ba dole ka shigar cikin wata shida bayan rufe shekararka, in ka makara, a wancan lokacin tarar dubu 25 ce a watan farko, dubu 5 duk watan da ya biyo baya. A 2020 da korona ta kulle mu cinikina miliyan 11 ne, harajina sifiri, amma saboda ba a shigar ba tarar shekarar kaɗai ta kai dubu 155. Kuɗin da na biya a kan babu kenan. VAT kuwa duk wata ne, kafin ranar 21 ga watan da ya biyo, tararsa ta fi zafi, a wancan lokacin dubu 50 farko sannan dubu 25.

Kuɗin aikinta dubu 400 tace, rabi yanzu rabi in an gama, ta rubuta a takarda muka sa hannu, ta kuma ce akwai kuɗin odita daban don lissafin shekara sai mai hatimin ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ya sa hannu. Na ɗan yi ciniki irin namu na 'yan kasuwa ta rage dubu 50. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne da tace duk kuɗin da za a biya gwamnati ni zan biya da hannuna ta banki da lambar biya da sistem zai fitar da sunan kamfanina, ita ko naira ɗaya ta haraji ba ta karɓa a hannu.

Daga nan aka shiga aikin da ba zan manta ba. Na je banki na ciro sitatimen na shekara uku, shafi sama da 200, Hajiya ta ba ni alƙaluman shafa kala uku, kore na ciniki, ruwan ɗorawa na kuɗin da ba na kamfani ba, ja na wanda ban tuna ba. Bayan isha'i in shimfiɗa tabarma a falo, fitila mai caji a gefe don wuta sai a hankali, ina bin layi ɗaya bayan ɗaya ina buɗe tsofaffin alat a waya da hirarrakin WhatsApp, uwargida tana riƙe da littafin shago tana karanto min kwanan wata. A nan na ga irin ɓarnar da na yi wa kaina. Ƙanina da ke Jidda yana gina gida, duk kuɗin da ya turo ta hannun 'yan canji a Wapa asusun kamfani nake bayarwa don shi ne ba ya da matsalar iyakar tiransifa, miliyan 38 kenan. Gidanmu na gado da aka sayar, ni ne babba, kuɗin ta nan ya bi kafin a raba, miliyan 24. Adashin 'yan layi da nake riƙewa, miliyan 20 a shekara biyu, kuɗin da ko kwana uku ba ya yi a hannuna. Rancen da na karɓa na sayi injin yanka miliyan 9. Sauran kuma ni ne da kaina nake juyo kuɗi daga asusuna zuwa na kamfani in za a sayi takarda. Da muka tace, ainihin ciniki miliyan 31 ne a 2021, miliyan 38 a 2022. Jan alƙalamin ya rage a layi goma sha wani abu, har yau akwai wata dubu 640 da wani ya turo ban san ko waye ba, Hajiya tace a bar ta a ciniki, kada mu tsaya jayayya kan abin da ba mu da hujja mu ɓata wanda muke da ita.

Ba mu jira an gama wannan ba kafin mu rubuta ƙorafin, a kwana na shida ta rubuta shi da abin da muka tattara. Ni da na zata wasiƙar roƙo ce, a yi haƙuri a duba halin da ake ciki, ina da iyali. Tace babu wannan, dole ka faɗi dalilinka ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi nawa ne ribarka a lissafinka, ka faɗi nawa ka yarda ana bin ka, kuma ya fi kyau ka biya wani abu daga wanda ka yarda ɗin su san da gaske kake. Na kwashe abin da ke hannuna na biya miliyan 1. Muka kai wasiƙar kofi biyu, aka buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya, ta ce in riƙe wannan kofin kamar takardar gida, don in sun ƙi gyarawa za su ba mu amsa a rubuce, daga nan muna da wani kwana 30 mu kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyarmu tana Kaduna. Alhamdulillahi ba mu kai can ba.

Hujjoji su suka ci mana watan Satumba gaba ɗaya. Na gado ya zo da sauƙi don akwai takardar rabo daga kotun shari'a da takardar cinikin gida mai sa hannun mai unguwa. Na ƙanina sai da ya rubuto wasiƙa ya haɗo da kofin fasfonsa, muka haɗa da rasitan siminti da rodi da kuɗin da na tura wa magina don a ga yadda kuɗin ya shiga haka ya fita. Adashi ne ya ba ni wahala, littafin duk ya yage, wasu 'yan adashin kuma da suka ji kalmar haraji suka ce kar in kuskura in sa sunansu, ɗaya har ya daina amsa gaisuwata na sati biyu, da ƙyar mutum bakwai suka yarda suka sa hannu a takardar rantsuwa.

Akwai kuma kuɗina da ke wajen gwamnati ban sani ba. Wani aiki na miliyan 8 da na yi wa wata ma'aikata a 2021, da aka biya ni na ga kuɗin bai cika ba na ɗauka irin yankan da aka saba ne na yi shiru, ashe VAT ɗin suka cire tun daga can suka kuma cire kashi 5 na harajin da ake riƙewa daga tushe, wanda dama ajiya ce da sunanka, in ka zo biyan harajin kamfani sai a rage maka. Haka wani kamfani da nake buga wa kwalaye shi ma yana cire kashi 5 ɗin. Na ma'aikatar muka same shi a sistem, na kamfanin sai da na yi sawu huɗu wajen akawunsu kafin ya fito da shaidar sun biya da lambar TIN ɗina. Duka biyun dubu 900. Sai VAT ɗin da ni na biya wajen sayen takarda da tawada, shi ma ana ragewa, amma sai wanda rasit ɗinsa ya nuna VAT ɓaro-ɓaro, mu kuwa rabin sayayyarmu a kasuwa ce a rubuta maka a 'yar takarda ko ma a ce Allah ya sa albarka kawai, duk wannan ya tafi a banza.

A watan Oktoba aka kira mu zaman daidaita lissafi. Daren ban yi barcin kirki ba, na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A mota Hajiya tace Alhaji don Allah abin da aka tambaye ka kaɗai za ka amsa, kar ka ce musu ranka ya daɗe a taimaka, ba taimako muka zo nema ba lissafi muka zo yi. Jami'ai uku ne, ɗaya mace, suka karɓe mu da mutunci, kowa da kofin sitatimen ɗin a gabansa, aka fara bi layi layi kamar yadda muka yi a falo. Na gado da na ginin suka karɓa ba dogon zance. A adashi babbansu ya yi murmushi yace Alhaji kai ma da asusun kamfani kake adashi, nace Yallaɓai kuskure ne an riga an yi, suka karɓi na mutum bakwai ɗin da sauran da fitarsu ta yi daidai da shigarsu.

Inda aka ja shi ne littattafai. Doka ta cire littattafai da kayan karatu daga VAT, Hajiya ta sa duk aikin makarantu a wannan layin, su kuma suka ce a'a, littafin rubutu da ka buga ka sayar wannan kayan karatu ne, amma makaranta ta ba ka aikin buga mata rasit da fom da kalanda wannan aiki ka yi mata aka biya ka, da VAT a kai. Aka yi kusan awa ɗaya a nan, ta buɗe doka sun buɗe, ni dai ina zaune ina kallon fanka. A ƙarshe aka tsaya a miliyan 16 na littafin rubutu, sauran ya koma cikin lissafi. A raina na ga kamar suna da gaskiya, amma ban faɗa ba sai da muka fito, Hajiya tace ita ma ta sani, gwadawa ta yi.

Wanda ya fi min ciwo fostocin siyasa ne. Ban taɓa ɗora wa ɗan siyasa VAT ba, wa ma zai fara, mutumin da cikon kuɗinka ma sai ka yi ta sintiri a ƙofar gidansa, akwai wanda tun da ya faɗi zaɓe lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Toh VAT kuɗin mai saye ne kai ɗan aike ne kawai, in ba ka karɓa ba daga aljihunka za ka cika. Haka na biya wa mutanen da fuskarsu ta cika gari harajin fostarsu.

Bayan sati uku sabuwar takarda ta fito. Asalin bashin 2021 da 2022 ya dawo miliyan 3 da dubu 300, da aka haɗa da VAT na watannin 2023 da su ma ba a shigar ba ya zama miliyan 4, tara da kuɗin ruwa kuma miliyan 2 da dubu 700. Daga 25 zuwa nan ai sai godiya, amma a lokacin an cire tallafin mai tun ƙarshen Mayu, dizal ya tashi, rim ɗin takarda kullum da sabon farashi, ciniki ya ja baya, miliyan 5 da wani abu da ya rage a kaina ba ƙaramin dutse ba ne. Kuɗin ruwan ya dame ni ta wani ɓangaren ma, don ana lissafa shi ne da ma'aunin ruwa na Babban Banki, wanda lokacin yake 18.75, a ƙara 5 a kai, ni da ko rancen banki ban taɓa ci ba don gudun riba yau ga ni zan biya ta. Na je na tambayi malaminmu bayan karatun asuba, yace wanda aka ɗora maka dole ba kai ka nema ba daban yake da wanda ka je ka ƙulla da kanka, amma in yi gaggawar fita daga ciki kar ya yi ta hauhawa. Hajiya ta rubuta neman a bar ni in biya kashi-kashi cikin wata shida, ta kuma roƙi a sassauta tarar, aka amince da biyan kashi-kashin, na sassaucin aka ce sai an tura sama. A Nuwamba na biya dubu 500.

Farkon Disamba ina cikin shago da rana ta kira ni, ko sallama ba ta gama ba tace Alhaji kana da miliyan 2 da rabi? Nace ina na gan su. Tace toh nemo su, FIRS ta fitar da sanarwa, duk wanda ya biya asalin bashinsa gaba ɗaya kafin 31 ga Disamban 2023 an yafe masa tara da kuɗin ruwan da ke kai, irin wannan ba kullum ake yi ba, ta tuna min da shirin VAIDS na 2017 zuwa tsakiyar 2018 da mutane suka yi ta wasa da shi har ya wuce. Wato in na kawo 2.5 an share min 2.7.

Ina da wani ɗan fili a bayan gari da na saya don yara, na sa shi a kasuwa, dillalai kuwa da sun ji ƙanshin matsuwa shikenan, wanda ya taya da daraja yace sai Janairu zai biya, wanda ke da kuɗi a hannu ya taya miliyan 1 da dubu 600, filin da na san ya fi 2. Na sallama ranar 20 ga wata. Ƙanina ya turo dubu 400, a asusuna na kaina wannan karon. Saura 500. Ban tambayi uwargida ba, ita ce da safe ta ajiye min wani ɗan ƙulli a kan hulata, sarƙarta ce da 'yan kunne na gwal na lefe, tace rance ne fa ba kyauta ba, kuma irinta za ka sayo min ba kuɗi ba.

31 ga wata Lahadi ce ta faɗo, ga hutun Kirsimeti ya cinye Litinin da Talata, Hajiya tace kar mu kai Juma'a don ranar kowa zai ruga. Alhamis 28 ga wata tun ƙarfe takwas ina banki da lambobin biya guda uku, VAT daban, harajin kamfani daban, na ilimi daban, ta rubuta min a jikin kowace nawa ne don in ka zuba kuɗin wani a layin wani gyaran sai ka yi kuka. Netwok ya ɗauke bayan an yi biyu. Na zauna a kujerar ƙarfen nan har azahar, na fita na yi salla na dawo, wajen ƙarfe uku saura ya dawo aka ƙarasa. Na ɗauki hoton rasitan na tura mata, ta buɗe sistem tace sun hau, sannan na tuna ko karyawa ban yi ba.

Share tarar a sistem bai zo nan take ba, sai da muka rubuta wasiƙa muka haɗa rasitan, a watan Fabrairun 2024 aka cire, muka nemi kiliyarans ya fito da shekara uku a jiki. Wata kwangila da nake hari a lokacin dai ta riga ta wuce. A tsakanin nan Hajiya ta tura ni hukumar haraji ta jiha ma, don harajin albashin yarana da nawa na kaina can ake biya ba FIRS ba, wannan bai yi yawa ba muka gama a sati biyu. Na buɗe wa adashi asusunsa daban, na buga sabon inbois mai layin VAT, wasu kwastomomin sun gudu wajen maƙwabta da ba sa ɗorawa, ba zan ce ban ji ba. Yanzu dokokin ma an sake su, an sa hannu a sababbi a watan Yunin 2025, hukumar FIRS ta koma NRS, lambobin da na faɗa a sama na lokacin da abin ya same ni ne. Duk wata dai kafin ranar 15 nake tura wa yarinyar ofishin Hajiya hoton littafin shago.

Sarƙar uwargida sai bayan babbar salla na iya sayowa, gwal ya tashi, wadda na samo ba ta kai waccan nauyi ba, ta karɓa ta auna a tafin hannu tace saura. Ejan kuwa na haɗu da shi a wani ɗaurin aure a unguwarmu, jakar nan tana hammata, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta fara'a yace Alhaji kwana biyu, bana ba za a yi kiliyarans ba ne? Nace an yi. Yace wa ya yi maka? Kafin in ba shi amsa aka ce a yi fatiha.